Gadar Da Ba Ta Kai Ko'ina

Levenshulme, Manchester
9 ga Oktoba

Baban Bethany,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, yaya aiki da sanyin Birmingham? Mu ma muna nan lafiya, da ikon Allah ba da ƙoƙarinka ba.

Tun da muka rabu na ce ba zan ƙara cacar baki da kai a waya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Yarjejeniyarmu ita ce ka ɗauki Bethany ranar Juma'a, ku tafi flat ɗinka a Ladywood, ka kai ta sujada ranar Lahadi, ka dawo mini da ita. Jiya ta dawo rigar sanyinta tana ƙarnin kifi, na sami mushen tana a aljihunta. Da na matsa mata, sai ta ce kun tafi bakin teku a Wales, kun hau abin da ta kira pier, kuna fatsa har tsakar dare a ƙarƙashin fitilu. Sujada kuwa ba ku je ba, barci kuka yi.

Na duba hoton wurin a waya. Gada ce ta katako da ta miƙa cikin teku, ba ta kai ko'ina ba. Ban yi mamaki ba da ta burge ka.

Yarinya 'yar shekara shida, Dung! Lokacin da 'ya'yan mutane suka yi addu'a suka kwanta, tawa tana tsaye a kan baƙin ruwa. Abin da ya ƙara ba ni haushi, wai kifin da kuka kama kun mayar da shi ruwa don ƙarami ne. Wato ka kai ran 'yata bakin halaka, ko abin miya ba ku samo ba. Kada a kuma.

Ka gaida ƙanwarka idan kun yi waya.

Ni ce,
Maman Bethany

Levenshulme
18 ga Oktoba

Baban Bethany,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami amsarka da hotunan da ka haɗo. Na ga life jacket ɗin, rigar hana nutsewa, na ga igiyar da ka ɗaura daga ɗamararka zuwa tata, na ga shingen ƙarfe da fitilu. Ka ce wasu iyayen ma suna kawo yaransu. Idan wasu iyaye suka sa hannu a wuta, kai ma sai ka sa?

Ka rubuta cewa a can ne kaɗai Bethany take sakin jiki ta yi maka hira, har tana mayar maka da Hausa. To, hirar ba ta yiwuwa ne a kan kujera, a ɗaki mai rufi?

Ba na son tone-tone, amma ka tilasta ni. Ka san yadda ƙanena Nyam ya mutu. Shekararsa bakwai, a kududdufin haƙar kuza a bayan gidanmu na Bukuru, ruwan da ko motsi ba ya yi. Ni aka bar wa shi ranar. Na juya in ɗauki bokiti, shi ke nan. Na gaya maka wannan kafin aurenmu, ka riƙe hannuna ka yi ƙwalla. Ashe ƙwallar ta neman aure ce.

Tun da ka ce ranar Asabar ma za ku koma don ruwa zai cika da kyau, na je wurin lauya. Zan nemi a hana ka kwana da ita, ka riƙa ganinta da rana a nan Manchester. Lauya ta ce ba zan iya hana ka ɗaukarta yanzu ba, sai in da shaidar cewa tana cikin haɗari a hannunka. Zan samo shaidar. Ban ɓoye maka ba, don ni ba na cin mutum ta baya.

Allah ya ganar da kai.

Rebecca

Levenshulme
24 ga Oktoba

Baban Bethany,

Ina gaisuwa. Ina fata ka isa gida lafiya ranar Lahadi. Bethany tana samun sauƙi. Ɗinkin haɓarta bai kumbura ba, haƙorin da ya fita kuma likita ya ce dama na famfara ne, wani zai tsiro. Tana cin fate da cokali a hankali.

Ba ka tambaye ni abin da ya kai ni gadar ranar Asabar ba, amma zan faɗa. Na roƙi Rhoda ta ƙungiyar zumuntar mata ta kai ni a mota, don in ɗauke ku hoto a waya in kai wa lauya. Na tsaya bayan wata rumfa kusan rabin awa. Na ga kana riƙe da igiyarta ko lokacin da kake sa tana a ƙugiya. Na ga ka zuba mata shayi daga flas, ka gyara mata hula. Ban sami abin ɗauka ba, sai na matso kusa. Daidai lokacin ka kwance igiyar don ka ƙara mata riga. Ta ɗaga kai ta gan ni a ƙarƙashin fitila, ta ƙwala mini kira, ta sheƙo da gudu a kan jiƙaƙƙen katako. Sauran ka sani.

Ga abin da ya hana ni barci. A asibiti, da nas ta tambayi yadda aka yi, kuma a hannun wa yarinyar take, ka ce a hannunka take, ta yi gudu ta zame. Ba ka ambaci sunana ba, ina zaune a gefenka da wayar a jakata. Ka san sarai an rubuta wannan, ka kuma san takardar da lauyata take nema ke nan. Wa ya roƙe ka? Da ka zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Kullum haka kake, ka yi shiru ka bar mutum da nauyinsa, sa'an nan a ce kai ne mai haƙuri.

Jiya lauya ta kira ni, na faɗa mata abin da ya faru. Ta ce takardar asibitin za ta taimaka mana ƙwarai. Na ce ta rufe maganar. Ba don kai na yi ba. Ba zan tsaya gaban alƙali in rantse a kan rabin gaskiya ba, ba haka aka rene ni ba.

Har yanzu ina nan a kan bakata: wurin nan ba wurin yaro ba ne, kuma uban kirki ba ya fifita kifi a kan sujada. Idan kun je, ƙarfe goman dare ku sauka daga gadar, kuma igiyar nan kada ka ƙara kwance ta ko sama za ta faɗo. Ranar Lahadi ina so in ji daga bakin Bethany ayar da aka karanta.

Ta ce in gaya maka kada ka je ba ita. Idan an cire ɗinkin, ka zo ranar Juma'a ƙarfe shida, za ka same ta a shirye. Ka tsaya a mota, zan rako ta bakin ƙofa.

Ni ce,
Maman Bethany