Ƙorafi Kan Gwangwanin Madarar da Ya Ƙafar da Nonon Karima

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
Shugaban Kiwon Lafiya na Yankin Dogon Dutsi.

Daga Inusa ɗan Ma'azu, makiyayi,
Rugar Tudun Aduwa, kusa da Sukukutane.

Laraba, 23 ga Afrilu, 2025.

Game da: Ungozomar ɗakin shan magani na ƙauyenmu, da halin da ɗana Zakariya yake ciki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, amma yau tura ta kai bango.

1. Ranar 6 ga Janairu matata Karima ta haifi ɗa namiji, haihuwarta ta fari. Washegari mahaifiyata ta gwada nonon yadda tsofaffinmu suka saba: ta tatsa a ludayi, ta zuba kiyashi uku a ciki. Suka mutu. Ta ce nonon mugu ne, kada yaro ya kama.

2. Ban yarda ba, ban kuma iya musa wa uwata ba. Ranar 8 ga wata na kai Karima wurin ungozoma, don ita ce mai ilimin asibiti. Ba ta duba Karima ba. Ta ce tsohuwa ta yi gaskiya, ta ba mu gwangwanin madara ɗaya da kwalba kyauta, ta nuna mana shagon da za mu sami wani. Har ɗanyen man shanu na kai mata na godiya. Daga baya na ji shagon na mijinta ne.

3. Gwangwani ɗaya jaka huɗu ne na sefa, kwana huɗu yake yi. Nonon uwa kuwa, Ranka ya daɗe, fura da tuwo kawai yake nema, kuma muna da su. Na sayar da awaki biyar. Ranar 20 ga Maris na sayar da saniyar da mahaifin Karima ya ba ta. Duk tsawon kwanakin nan Karima tana matse nononta a bayan ɗaki tana zubarwa a ƙasa, tana kuka, har ya ƙafe. Mu da muke sayar wa mutanen gari nono, yau mu ne a bakin shago.

4. Ina faɗin laifina da bakina. Tun farkon Afrilu, inda aka ce a sa cokali uku, ɗaya muke sawa, da ruwan rijiya. Yaro ya kama zawo. Ranar 17 ga wata aka auna shi a asibitin Matankari, kilo uku da rabi, yana wata uku da haihuwa. Kukansa ma ba ya fita waje yanzu.

5. Malamar asibitin can ta ce nonon Karima lafiyarsa lau tun farko, kiyashi nutsewa kawai yake yi. Da na koma gida na gwada da kaina, gaban mahaifiyata. Na zuba kiyashi a nonon saniyar maƙwabcina, suka mutu. Na zuba a madarar gwangwanin da na sayar da dabbobina dominta, suka mutu. Tun ranar tsohuwa ba ta ci abincin kirki ba. Ita rashin sani ne ya ja ta. Ungozoma fa, wadda aka koya wa aiki?

Saboda haka ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai:

A karɓi Zakariya da uwarsa a babban asibiti. An ce mini akwai dabarar maido da nonon da ya ƙafe. In gaskiya ne, a taimaka mana da ita.

A binciki ungozomar nan. Matar maƙwabcina tana watan haihuwa, kuma an riga an ajiye mata gwangwanin kyauta a ɗaki.

Ba na neman a biya ni awaki ko saniya. Ɗana nake nema.

Takardar nan za ta iso hannunku ranar Juma'a da motar kasuwa. Madarar da ta rage, ko da cokali ɗaya ɗaya, ba za ta wuce Lahadi ba, kuma babu sauran dabbar da zan kora kasuwa.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da wuri.

Naku mai biyayya,
Inusa ɗan Ma'azu
(dangwalen yatsa)

Malam Abdussalamu na lakwal, makarantar boko, ya rubuta, yadda na faɗa masa.