Bulus, Ni Ma Na Shiga Ƙarƙashin Benci

Zuwa ga abokina Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba karatun ka iya ba, balle ni. 'Yarka Rifkatu ce riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Gyadi-Gyadi tana nan yadda ka bar ta, sai ƙarin hayaniya. Farar hular da ka yi ta murna sun karɓi mulki suna nan, sun cika mana bango da hotunansu, kwatar ƙofar gidanka kuwa ba wanda ya yashe. Ado mai faci bai daina cika wa taya iska fiye da kima ba, ni ma ban daina gaba da shi ba. Rediyona da ka ara ka lalata, na yafe, amma ban manta ba.

Babban labari na Sani ne, autana, wanda ka koya wa keke. Motar haya yake ja yanzu. Wata uku da suka wuce tirela ta ƙwace ta afka masa a Hotoro. Shi hannu kawai ya karye, amma mutum biyu suka cika a kan idonsa. Da na isa asibitin koyarwa na dubi fuskarsa, sai na ga idonsa ya sauya. Ka san idon nan, Bulus. Irinsa muka dawo da shi daga bakin daga.

Rifkatu nas ce a can yanzu, har likitoci suna shawara da ita. Ta ja ni gefe ta ce akwai wata allura da ake gwadawa. Wai idan mutum ya razana, jikinsa da kansa yana fitar da wani sinadari da zai kwantar da tarzomar bayan ta wuce. Na wasu ba ya isa, sai razanar ta sami wurin zama, ta yi ta dawowa shekara da shekaru. Shi ne ake ƙara wa mutum irin sinadarin tun da zafi-zafi. Sunansa kotizon ko me, harshena bai ɗauka ba. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba.

Me kake tsammani na yi? Na tayar da ƙura mana! Na ce a ɗaure hannu a ba ni ɗana, jinin soja ba ya bukatar allurar tsoro. Sani yana so, amma ba zai tsallake maganata ba. 'Yarka ba ta ɗaga murya ba. Tambayata kawai ta yi ko ina son yaran unguwa su riƙa fasa leda a bayan Sani don su ga ya firgita, yadda suka yi wa babanta shekara talatin. Taurin kan nan naka ne ta gado. Na ba da izini, aka yi allurar.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da ita rubutu. Ka tuna ranar da taya ta fashe a wurin Ado, ka yi tsalle ka faɗa kwata da kayan cocinka? Majalisa ta kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Har ni na laƙaba maka Kofur Kwata, sunan ya bi ka har kabari. Bulus, ba abin dariya na gani ba. Ni ma tsoron ne ya kama ni a zaune, wandona kuwa ya jiƙe. Na yi dariya ne don ido ya tsaya a kanka. Ka sani? Ina zargin ka sani, don kai ka miƙo mini butar ruwa ka ce shayi ya zube mini. Wane irin mutum ne kai?

To, ran Juma'ar da ta wuce Allah ya rama maka. Muna zaune bayan masallaci, Ado ya sake fasa taya. Sani ya waiga, ya yi tsaki, ya ci gaba da cin gurasarsa. Ni kuwa sai daga ƙarƙashin benci aka zaro ni, hula a wani gari, carbi a wani. Na kakkaɓe riga na ce su yi dariyarsu, amma su sani abin da ya jefa Bulus a kwata shi ya jefa ni nan, kuma ba hauka ba ne, abin da muka gani ne. Ado ne ya fara sunkuyar da kai. Duk da haka ban gaishe shi ba.

Rifkatu ta ce ba za a rantse allurar ce ta tsare Sani ba. Ni na ce tofina ne. Ko ma mene ne, ya koma tuƙi, yana kuma cin tuwo malmala uku.

Na ce a yi mini tawa allurar, ta ce na makara da shekara arba'in. Ni sai dai zama da likita duk Talata, in yi ta ba shi labari. Ina zuwa. Kada ka ɗauka magani nake nema, yaron ne bai san komai game da yaƙi ba, ina koya masa. Rabin labarin naka ne.

Ga 'yarka nan ta jiƙa takarda, tana kuka tana dariya. Ta ce tun tana ƙarama ka gaya mata maganar shayin nan. Ashe shekara talatin kai ma kana yi mini dariya a ɓoye? Ka kyauta. Mun yi ɗaya.

Sai na zo. Ka ajiye mini wuri kusa da bango, inda ba mai faci.

Naka har abada,
Garba, Kofur Benci