Mma, Na Gyara Ki Har Na Rasa Ki

Zuwa ga mahaifiyata, wadda muka kai makwancinta a Tafo shekara goma sha huɗu da suka wuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika koya mini da tsawa, ina roƙon Allah ya yalwata miki kabari ya sanyaya shi. Mu nan lafiya muke. Maigidana Awudu yana nan a shagonsa na walda a Buokrom. Ummi mai sunanki ta shiga aji huɗu, ƙanwarta Rabi kuma ta fara tafiya, tana janyo duk abin da hannunta ya kai. Na san ba ki son doguwar shimfiɗa, don haka bari in faɗi abin da ya kawo ni. Tsoro nake ji, Mma. Wata biyar ke nan yana cina, kuma a kanki ne.

Kin tafi kin bar ni ina zane da fensir, kina ce masa aikin banza. To, aikin banzan nan da shi nake rufa wa kaina asiri yanzu. Ba ni da ofis. Kwamfuta ce a kan tebur a kusurwar ɗaki, duk wanda ya kira ni sai in yi masa: allon shago, katin biki, tambarin gidan burodi. Amma abin da ya fi zuwa shi ne fostar makoki ta Asantawa. Kin san su da mamacinsu, ba sa wasa. Za su kawo mini hoton tsohuwa wanda aka ɗauka a bakin murhu, su ce, "Sista, ki gyara mana ita ta yi kyau sosai paa." Sai in zauna in miƙe fatar da tsufa ya tattare, in cike giɓin haƙori, in haska ido, in rataya sarƙar zinariya a wuyan da bai taɓa ganin ta ba. Ranar Alhamis a buga, ranar Asabar a kafa ta ƙarƙashin rumfa, 'ya'yanta su tsaya gabanta suna kuka suna cewa ita ce sak. Shekara goma ina wannan aiki. Hannuna ya saba har ya daina tambayata. Ko fuskar mai rai na gani a trotro, motar hayarmu, kafin mu kai tasha na gama goge ta a zuciyata.

Ke kuwa ba ki bar mana hoto ba, ko ɗaya. Duk bikin da mai hoto ya zo sai ki juya masa baya ki ce ke ba abin kallo ba ce. Na katin zaɓe, wanda dole ce ta sa kika tsaya, ruwa ya tafi da shi shekarar da ambaliya ta shigo mana ɗaki a Aboabo. Ban damu ba a lokacin. Na ce ai ni mai zane ce, fuskarki tana kaina, duk ranar da na ga dama zan fito da ita.

Ranar ta zo. Ummi ta dawo daga makaranta ta ce an ce kowa ya kawo hoton kakarsa. Na ce mata wannan ai abu mai sauƙi ne, na ɗauki fensir ina taƙama. Cikin ɗan lokaci ga mace ta fito a takarda, kumatu sumul, murmushi mai sanyi. Na tsaya ina kallon ta, sai na gane ta. Wata tsohuwa ce da na gyara wa wasu mutane makon da ya wuce, kawai dai ɗankwalinki ne a kanta. Na juya takarda na sake, wata ta fito. Sau bakwai, Mma, duk matan mutane. Na ajiye fensir na rufe ido don in gan ki. Na ga atamfarki mai ruwan ƙasa, na ga kaskon ƙosai, na ga hayaƙi, amma inda fuska take babu komai. Inna lillahi. Jikina ya yi sanyi har Ummi ta tambaye ni ko zazzaɓi ne.

Abin da ya kai ni ga rubutu ke nan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce "Allah ya jiƙan rai" a ƙasan fosta ba. Na ce in fensir ya ƙi, bari in gwada magana. Na fara ƙagaggen labari na wata mai ƙosai a bakin titi, na sa mata suna Adiza don kada in kama sunanki. Ina rubutawa da safe, bayan Ummi ta fita, kafin Rabi ta farka. Wani lokaci a waya, ina tsaye a layin masu buga fosta. Miya ta ƙone mini ba sau ɗaya ba. Awudu in ya zauna cin abinci sai ya ce, "Yau mai zane ce ta dafa ko marubuciya? In marubuciya ce a miƙo mini gishiri."

Na riƙa sa labarin babi-babi a shafina na intanet, mutane suka kama shi. Wannan ya ce Allah ya ba mu uwa irin Mma Adiza, wancan ya ce uwa ke nan. Wata mata daga Tamale ta rubuto cewa ta yi kuka har mijinta ya tsorata. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Na ɗauka na samo ki.

Sai na ce bari in kai wa ƙanwarki Mma Lariba ta ji. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka kwana tabarma ɗaya da ke. Tana Tafo a gidan ɗanta, ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita, kuma akwai ranakun da take kirana da sunan wata. Kin tuna ɗan gwangwaninta na garin taba, wanda kuka yi shekara talatin kuna faɗa a kansa? Da, in ta jiyo takun silifas ɗinki, sai ta cusa shi ƙarƙashin matashi ta share hanci. Yanzu a cinyarta yake a fili, babu mai hana ta.

Na karanta mata babi uku. Tana ji, tana shaƙar tabarta, tana atishawa. Da na gama sai ta girgiza kai ta ce, "Allah Sarki. Wannan baiwar Allah 'yar wace unguwa ce? Da na san ta tun da, da na kai mata Yaya ta koyi haƙuri."

Na ce mata ai Yayar tata ce. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Da numfashinta ya dawo ta dube ni, babu sauran dariya, ta ce, "Memuna, kin wanke ta da sabulu kamar matan fostarki. Yayata ba ta taɓa ce wa kowa 'yar lele ba."

A trotro na dawowa na yi ta juya maganarta. Ashe ciwon ba a fensir yake ba, a jikina yake. Na canja kayan aiki, hannun dai shi ne. Na goge miki faɗa kamar yadda nake goge tabo a goshin tsofaffin mutane, kuma wallahi ban san lokacin da na yi ba.

Bari in faɗa miki mafi muni. A labarina, Adiza tana manna zanen 'yarta a bango da ƙullun rogo, tana nuna wa maƙwabta. Ke kin san abin da kika yi da nawa. Ina 'yar shekara goma sha biyu, takardar naɗe ƙosai ta ƙare miki da sassafe, mutane na tsaye. Kika miƙa hannu cikin jakata kika zaro littafin zanena, wanda na yi wata uku ina cika shi, kika riƙa yage shi shafi-shafi kina naɗe wa mutane. Ina zaune a benci ina fifita wuta. Ina kallo masallacin unguwarmu da na zana ya jiƙe da mai a hannun wani direba, ya cinye ya dunƙule ya jefa a kwata. Da kika ga idona ya kawo ruwa sai kika ce, "Takarda takarda ce. Yau ma dai ta yi amfani." Kwana uku ban yi miki magana ba, ke ma ba ki lallashe ni ba.

Wannan ita ce gaskiya. Amma ran nan na tsinci kaina ina gaya wa Ummi cewa kakarta takan manna zanena a bango. Na faɗa da zuciya ɗaya, har ina ganin bangon. Sai da na gama na tuna cewa Adiza ce ta yi haka, matar da ni na ƙirƙira a kan teburin nan. Nan tsoron ya kai mini wuya. In na ci gaba haka, wata baƙuwa mai sanyin murya za ta zauna a gurbinki, ni da kaina in riƙa yi mata addu'a. Ranar da Mma Lariba ta bi ki, babu sauran wanda zai ce mini ƙarya nake yi.

Ɗaya tsoron kuma bai gaza wannan ba. An koya mana cewa mamaci alherinsa ake faɗa. Da na gaya wa Awudu niyyata, ya ajiye cokali ya ce, "Ki yi tunani dai. Ba ta nan balle ta kare kanta." Ya yi gaskiya. Danginmu na Asokore Mampong suna karanta shafina, za su ce na tona wa uwata asiri don a tafa mini. Waɗanda suka yi wa Adiza addu'a za su ce wace irin uwa ce wannan. Ba su ga tabon ƙunar mai a hannunki na hagu ba. Ba su san cewa kaskon nan ne ya kai ni makarantar da na koyi zanen ba, kina mita kina biya. Ina jin tsoron in tsaya gaban Allah a ce na ci naman uwata.

Na yi mako biyu ina kai-kawo tsakanin waɗannan biyun, ba zane ba rubutu. Sai wata Talata da safe na kashe waya, alhali wani yana jiran fostar mahaifinsa, na goya Rabi, na zauna na rubuta safiyar nan ta littafin zane yadda ta faru. Ban rage ba, ban shafa mata mai ba. Na sa hayaƙin, na sa yadda kike zagin itacen da ya ƙi kamawa, na sa yadda kike kirana "ke!" kamar ba ki raɗa mini suna ba.

Da na iso kan "takarda takarda ce", sai na ga bakin da ya faɗe ta. Haƙoran da goro ya rina, da giɓin nan na gefen hagu. Daga nan ido ya biyo, wanda kike ƙanƙancewa saboda hayaƙi har ya zauna haka. Sai billen da ya taso daga gefen hanci ya ratsa kunci. Mma, fuskarki ta dawo mini gaba ɗaya, a murtuke. Ban san lokacin da na miƙe tsaye daga kujera ba, kamar kin shigo kin same ni ina zaman banza. Na yi kuka har Rabi ta taya ni daga baya. Ban yarda na taɓa fensir ba, kuma har yau ban taɓa ba, don ban amince da hannun nan ba tukuna.

Ranar Lahadi na koma Tafo. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa in same ta cikin hankalinta, don in ta ce wannan ma ba ke ba ce, ban san inda zan sake neman ki ba. Na same ta a kishingiɗe, gwangwanin yana cinyarta. Na fara karatu. Da na kai inda kike yi wa direban nan tsawa kan ya matsa ya ba mata masu saye wuri, sai na ga hannunta ya motsa a hankali. Ta ɗauki gwangwanin ta cusa shi ƙarƙashin matashi, ta share hanci da bakin mayafi, ta dubi ƙofa. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Na dakatar da karatun. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, "To. Yanzu kam ta iso."

Har yanzu tsoron bai sake ni ba, Mma. In na gama wasiƙar nan zan sa babin a shafina, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. In Ummi ta dawo daga makaranta kuma zan zaunar da ita in gaya mata cewa babu zanen da aka taɓa mannawa a bango. Ban san yadda za ta ɗauke ki ba. Ban san ko ke kanki kin yarda ba, ke da kika juya wa mai hoto baya duk rayuwarki, ga shi na tsayar da ke gaban mutane ba ki shirya ba. In laifi ne, ki yafe mini. Na gwada ɗaya hanyar, ta kusa raba ni da ke. Gara ki zauna tare da ni kina hararata.

Allah ya gafarta miki abin da na rubuta da abin da na bari. Allah ya sanya zafin kaskon nan ya zama shi ne iyakar zafin da za ki gani. Allah ya ƙara wa Mma Lariba kwana da lafiya, ya tsare hannuna daga ƙarya, ko da mai kyau ce. Kuma ranar da zai tashe mu, ina roƙon sa ya tashe ki da billenki da giɓinki, don in hango ki cikin taro in gane ki.

Wassalam.

'Yarki mai aikin banza,
Memuna