Huɗu Bisa Goma

Zuwa ga Rumaisa, gishirin Awe a miyar rayuwata, inuwar mangwaro da tsakar rana, ruwan randa bayan an kaɗa ƙararrawar tashi!

Kwana shida ke nan kin ƙi ɗaga wayata, kuma wallahi kin yi gaskiya. Wane irin masoyi ne za a rubuto masa wasiƙa mai ƙamshin turare, ya zare jan biro ya ja layi ƙarƙashin "ina kewarka", ya ba da huɗu bisa goma, har ya ƙara da "ki same ni a ofis"? Ni ne, hasken idona. Ni Sharfaddeen.

Amma ki ji yadda aka yi. Lissafi aka ɗauke ni in koyar a Assakio. Malamin Turanci ya tafi, aka ce in riƙe. Mai wasanni ya gurɗe a ƙafa, aka rataya mini usur. Aji biyar, kowanne kai tamanin! Ranar nan ina makin jarrabawa a cikin bas, akuyar wani tana taunar jakata, sai wasiƙarki ta shige cikin takardun. Hannuna ya riga zuciyata aiki. Na maido miki ita a ambulan ina zaton amsata ce. Amsar kuwa, wayyo, tana cikin fayil ɗin da na miƙa wa shugabarmu, Madam Seember!

Jiya ta kira ni, ta sauke tabarau ta ce, "Malam, yaushe na zama tauraruwar asubarka?" Na durƙusa na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa wa abokin aikina Malam Torkula usur, ta rage mini aji ɗaya.

Kin tuna yammacin da muka sayi gasasshiyar masara a bakin kasuwa, barci ya sace ni da ita a baki, kika yi ta yi mini fifita da mayafinki? Wace mace ce za ta yi haka, in ba ke ba?

Bilkis ƙawarki ta ce Baballe mai shagon tayil ya fara sallama a ƙofarku, wai shi ƙarfe huɗu yake rufe shago. Rumaisa, kada ki kashe ni! Yanzu ni ƙarfe biyu ma nake tashi, Asabar kuma taki ce ɗungurungum. Wannan Asabar ɗin zan zo da kawuna wurin Babanki. In kika ƙi fitowa, zan tsaya a ƙofar gida in yi ta rera jadawalin sau bakwai da ƙarfi, har maƙwabta su roƙe ki ki aure ni.

Naki har gashina ya fi alli fari,
Sharfaddeen