Likkafanin Inna da motarka mai ɗaki

Zuwa ga Alhaji Darakta, mai kamfanin hayar motocin yawon buɗe ido da ke Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ban sa sunanka ko na kamfaninka ba, don ka san kanka, kuma ba cinikinka nake son kashewa ba. Na zo buronka, wato ofishinka, ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce mini kana taro. Tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, shi ya sa na biyo ta jarida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka masu karatu su gafarce ni, akwai zancen ƙazanta a cikin wasiƙar nan, kuma ba ni na kawo ta ba.

Sunana Sama'ila. Direban kamiyo ne ni, wato babbar motar kaya, a Malbaza, siminti nake ja tun gashin kaina yana baƙi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Tajaye, ta doshi tamanin. Duk lokacin da na dawo daga Kwatano na ba ta labarin teku, sai ta taɓe baki ta ce, "Ruwan da ba shi da ƙetare? Wagga ƙarya ta direbobi ta." Ta haye shi a jirgi lokacin aikin hajji, amma ta ce ita gajimare kawai ta gani. Na daɗe ina son in kai ta ta gani da idonta. Abin da ya hana shi ne tsufa. Gwiwoyinta ba sa jure zaman bas, kuma ba ta iya daɗewa ba ta kewaya ba, ga ta da kunya, ta gwammace ta wuni ba ta sha ruwa ba da ta tsayar da mota cike da maza.

A kan hanyar Gaya na sha ganin nasara, wato Turawa, da irin motar nan da ku kuke kira kampinka, mu kuma muke ce mata mota mai ɗaki: ga gado, ga murhu, ga ban ɗaki, duk a ciki. Da na ji kana ba da hayar ɗaya, tun da baƙin naku sun rage zuwa, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ɗauki hutuna bayan girbin bara, na zo na karɓe ta, da niyyar mu zaga garin Faraku da ke kan hanyar Kwatano mu gaida dangi, mu gangara bakin teku, ni da Inna da matata Rabi. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

Na farko, tambayar da na yi da amsar da aka ba ni. Ranar da na karɓi motar na duba inji, na duba taya, na duba birki, ban sami abin faɗa ba. Da muka shiga ɗakin sai na ce wa ma'aikacinka mai riƙe da makullai, tsohuwa ce za ta kwana a nan, kuma a nan za ta yi salla, shin wurin yana da tsarki? Ya shafa tebur da yatsa, ya ɗaga mini yatsan, ya ce tas take. Alhaji, ni ba ƙura na tambaya ba. Tsabta daban, tsarki daban, yaron da ke makarantar allo ma ya san wannan. Da nasara ne ya ba ni amsar nan da na yi masa uzuri. Amma mutuminka Bahaushe ne, kafaɗa da kafaɗa muka yi azahar da shi a masallacin da ke bayan buronku, ya san abin da nake nufi, ya zaɓi ya nuna mini yatsa.

Na biyu, abin da ke ƙarƙashin katifa. A Dosso Rabi ta ɗaga katifar don ta shimfiɗa zanenmu, sai ga gashin kare cunkus a kusurwa, da kwanon da yake cin abinci an tura shi can ƙuryar gado. Firigo kuwa, na'urar sanyaya abinci, da muka buɗe, wani ƙarni ya buso wanda har yau ban san naman me ba ne, ban kuma so in sani. Na san malamanmu sun sauƙaƙa a kan kare, ba fatawa nake nema ba. Tambaya ɗaya nake yi maka, za ka kwantar da taka mahaifiyar a inda kare ya kwana ba ka gaya mata ba? Mun share, mun wanke, mun turara, muka ɓoye wa Inna, muka ci gaba.

Na uku, kuma shi ne tushen masifar, ban ɗakin. Mu abin da muka sani salga, rami ne, ana shekaru ba a waiwaye shi ba. Babu wanda ya gaya mini cewa a ƙarƙashin kujerar nan wani ɗan tanki ne da bai fi jarka ba, wanda ake zarowa ta wata ƙaramar ƙofa a waje a je a zubar. Ba a nuna mini ƙofar ba, makullinta ma ba ya cikin waɗanda aka ba ni. Daga baya na gane ba fanko aka ba ni tankin ba, na samu abin da waɗanda suka riga mu suka bari a ciki. Mu kuwa mutanen buta ne, mu uku, kowa da tsarkinsa da ruwa kamar yadda aka koya mana. Kafin mu kai Kandi wari ya fara tashi. Na tsaya a shagon waya na kira buronka, mutuminka ya ce zafi ne, in buɗe tagogi. Na buɗe tagogi.

Yanzu sai in gaya maka abin da ke cikin motar wanda kai ba ka sani ba. Lokacin da Inna ta je hajji tare da marigayi mahaifina, sun sayi farin ƙyalle turmi guda, suka tsoma shi a ruwan Zamzam, suka shanya, suka dawo da shi Tajaye suka raba biyu. Da nasa rabin muka rufe Baba. Nata kuwa yana naɗe cikin tsohon zane a ƙasan adakarta, ba ta yin tafiyar kwana sai da shi, ko Illela za ta je biki. Takan ce mutuwa ba ta tambayar inda ka baro kayanka. Da muka shiga motarka ta duba ko'ina, ta zaɓi wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin kujera, jikin bangon ban ɗakin, don shi ne wuri mafi ɓoyuwa, ta ajiye ƙunshinta a can.

Mun kwana biyu a Faraku, muka gangara. Hanya ta jijjiga mu yadda ta saba. Da hantsi muka isa wani ƙauyen masunta yamma da Kwatano, na tsaya ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ga teku shimfiɗe a gabanmu yana ruri. Na juyo ina dariya zan ce wa Inna ta fito ta nuna mini ƙetaren. Ita kuwa ta sunkuya ta buɗe akwatin nan don ta ɗauki mayafinta mai kyau da ta ajiye a kan ƙunshin. Alhaji, tankinka ya cika ya tumbatsa, ya bi ta inda ya tsage ya malala cikin akwatin. Da na fasa ƙaramar ƙofar da ƙarfen taya, na ga tsagar an ɗaure ta da robar tsohuwar taya, ɗaurin da ya daɗe har ya bushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wani a gidanka ya san wannan yoyon tun kafin in zo, har ya yi masa ɗauri.

Ƙunshin ya jiƙe sharkaf, tun daga zanen waje har tsakiyar ƙyallen. Ba zan kwatanta maka launinsa ba. Rabi ta fita da gudu tana amai. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ta ɗauke shi da hannunta biyu ta ce in riƙe ta. Na riƙe ta muka taka yashi har bakin ruwa, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata, igiyar ruwa tana dukanmu, ina riƙe da ƙugunta kada ta tafi da ita, tana cuɗa likkafaninta a ruwan gishiri. Masunta suka tsaya suna kallo. Ba ta ɗaga kai ta dubi nesa ba ko sau ɗaya. Abin da mahaifiyata ta gani na teku ke nan, bayan shekarun da na yi ina yi mata alkawari.

Da ta gama ta ce, "Ya wanku, Sama'ila. Amma ruwan Makka ya hita. Da mi za ni iske babanku?" Ta ce mu koma gida. Ba ta sake shiga ban ɗakin ba, ba ta sake yin salla a cikin motar ba, muka dawo tana ƙin shan ruwa kamar dai a bas ɗin da na guje mata. Ta iso Tajaye a galabaice, sai da aka kai ta likita aka ƙara mata ruwa.

Na huɗu, tarbar da aka yi mini da na mayar da motar. Mutuminka ya leƙa ciki, ya toshe hanci, ya ce laifinmu ne, wai motar ta masu amfani da takarda ce, mu mutanen ƙauye mun cika ta da ruwan buta. Ya ce an riƙe kuɗin ajiyata saboda ƙofar da na fasa. Yana gama faɗar haka aka kira la'asar, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko tasa butar ya wuce ni. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba, warin tankin bai kai wannan ba. Idan motar ba ta ɗaukar buta, a ƙasar da kowa da butarsa, me ya hana a faɗa tun farko? Kalma nawa ce? Kuɗin ajiyar kuwa ku riƙe, ku sayi makulli da shi, ba su suka sa ni rubutu ba.

Na san abin da za a ce, domin limamin unguwarsu Inna ya riga ya faɗa mata: ruwa yana gusar da najasa, ƙyallen ya tsarkaka, kuma ba Zamzam ke shigar da mutum aljanna ba, aikinsa ne. Ta ji, ta yarda, ta yi masa godiya. Amma duk alhajin da ya dawo a Tajaye, sai ta aika a roƙo mata Zamzam ko cikin murfin kwalba ne, ta yayyafa a kan ƙyallen, sannan ta zauna ta ce na Baba tsoma shi aka yi, ba yayyafi ba. Tsohuwar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba, yau ita ke aikawa gidaje roƙon ruwa. Ni ba ni da halin sake kai ta Makka, ko da ina da shi ma jikinta ba zai kai ba. Tun damina ta fara take kwance, tana tashi tana komawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, kada motar nan ta sake fita daga harabarka sai an canza tankin, an wanke ta wankin da Musulmi zai iya shimfiɗa darduma a ciki, an haɗa makullin ƙaramar ƙofa da sauran, an kuma tsaya an nuna wa mai haya yadda ake zubarwa. Idan kare ya kwana a ciki, a faɗa. Wanda ya ga zai iya, ya ɗauka.

Biyu, ka zaunar da mutuminka ka tuna masa bambancin tsabta da tsarki. Ba na neman a kore shi, yana da iyali. Amma ya daina kiran masu buta mutanen ƙauye, alhali tasa tana bayan ƙofa.

Uku, kuma wannan ne kaɗai nake nema don kaina. Masu gadin buronka sun gaya mini bana ma za ka koma hajji, Allah ya sa a je lafiya. Ƙyallen yana nan a wanke, a naɗe, bai fi nauyin babbar riga ɗaya ba. Malbaza a bakin titi take, duk direban da ka tambaya zai nuna maka gidana, daga nan Tajaye ba nisa. Ka zo da ƙafarka ka gaida tsohuwar nan, ka karɓa daga hannunta, ka tafi da shi, ka tsoma shi da hannunka, ka dawo mata da shi. Motarka ce ta fitar da ruwan, kai ya kamata ka mayar. Na gaya mata zan rubuto maka, sai ta tambaye ni wata nawa ya rage alhazai su tashi, ta ƙirga da yatsunta.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya karɓi ibadarka, ya jiƙan magabatanka. Allah ya sa ranar da za a naɗe ka, a naɗe ka cikin abin da babu wanda ya ɓata. Idan za ka zo, Alhaji, ka yi sauri, don ban san ko za ta jira dawowar alhazai ba.

Wassalam.

Sama'ila direba,
Malbaza.