Wa Zai Riƙe Mini Jirgin da Ido?

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi miki tsawo, domin na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni. Duk wanda na fara ba labari sai ya katse ni, ya ce tsoron mutuwa nake yi, ya hau yi mini wa'azi. Ni kuwa a asibiti nake aiki, a ɗakin gwajin jini, mutuwa ba baƙuwata ba ce. Abin da ke cina daban ne, ban ma san sunan da zan kira shi ba.

Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yayana. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yaya ne ya zame mini uba, ya zame mini abokin tsokana. Aikinsa gyaran manyan injinan nan da ake buga littattafai da jaridu. Wurin aikinsu sukan tura shi gari-gari, wani lokaci har ƙasashen waje, don haka hawa jirgi a wurinsa kamar hawa motar haya ne. Shi ya saka mini wata manhaja a waya, mai nuna jiragen da ke sama a kan taswira, kowanne ɗan mitsitsi, ruwan ɗorawa, yana jan jiki kamar tururuwa. Duk ranar da zai tashi sai ya turo mini lambar jirginsa, ya ce in riƙe masa shi da ido kada ya karkace. Har suna ya raɗa mini, Hasumiya, wai ni ce ke ba jirginsa izinin sauka. Idan ya sauka, kafin ya kira ni nake riga shi, in ce na gan ka, kar ka manta da tsarabata. Sai ya ce ai matuƙin ma ya ce a gaishe ni, aikina ya yi kyau.

Bara waccan abin ya faru. Ina wurin aiki ne a lokacin hutun rana, na jingina wayar da kwalin safar hannu, ina cin abinci ina kallo. Sai ɗan jirgin ya tsaya cak. Na ɗauka sabis ne. Na kashe data na kunna, na kashe wayar gaba ɗaya, na fita baranda ina ɗaga ta sama ina tsaki. Sauran jirage duk suna tafiyarsu, nasa kaɗai ya tsaya, can kuma ya ɓace. Anti, komawa na yi na ci gaba da aikina. Na gwada jinin mutane, na rubuta sakamako, har dariya na yi da abokan aiki. Sai wajen la'asar wata abokiyar aikina ta shigo tana karanta labari a wayarta, tana salati, ta ambaci lambar jirgin.

Ba mu ga fuskarsa ba. Sai da aka ɗebi yawun Mama aka gwada don a tantance gawarsa, sannan aka ba mu abin da aka ce shi ne, a rufe. Ni da nake ɗibar irin wannan a jikin mutane kullum ina ce musu ba zafi, na tsaya ina kallo ana cewa uwata ta buɗe baki.

Tun daga ranar ban iya goge manhajar ba. Jirage ta saman unguwarmu suke bi, kuma da zarar na ji ƙarar ɗaya sai hannuna ya kai kan waya. In nemo shi, in bi shi har ya sauka, ko da awa nawa zai ɗauka. Ban san kowa a ciki ba, amma ba na iya ajiye wayar. Ko a wurin aiki haka. Kwanaki na shagala har jinin wani tsoho ya daskare a kwalba, dole aka sake huda shi, yana ce mini ba komai 'yata. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

To ga abin da ya sa na rubuto. Shugabar sashenmu ta ba da sunana, an kuma zaɓe ni in je kwas na shekara ɗaya a wata ƙasa mai nisa, sai an tsallake teku, babu maganar bin mota. Irin karatun da Yaya ya daɗe yana yi mini fata ne, yana cewa ba zan tsufa ina wanke kwalabe ba. Kafin ƙarshen watan nan ake son amsata, in ba haka ba a ba wani.

Kawuna ya ce rashin tawakkali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake zai tafi. Abokiyar aikina ta ce mota ta fi kashe mutane. Duk na sani, Anti. Ni nake haɗa jinin da ake ƙara wa waɗanda aka kwaso daga kan titi. Amma sanin ya tsaya mini a ka, ya ƙi gangarowa ƙirji.

Da shugabar ta matsa mini, sai na ce mata Mama ce ba ta yarda ba. Alhali Mama ba ta ce uffan ba. Makon jiya ma na dawo daga aiki na tarar da babban akwatin Yaya a ƙofar ɗakina. Akwati biyu yake da su, da ƙaramin ya yi tafiyar ƙarshe, babban yana saman durowar Mama tun lokacin ba mai taɓa shi. Ita kaɗai ta sauko da shi, da ciwon bayanta, ta goge shi tas. Takardun nan da ake manna wa kaya a filin jirgi suna nan cunkus a hannun akwatin, don Yaya ba ya cire su, kullum ina yi masa tsiya cewa akwatinsa ya tara gemu. Na tsaya ina kallon Mama, ita kuma ba ta kalle ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Tayarsa ɗaya tana ƙara, ki sa a ɗiga mata mai." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, na kuwa ji kukanta.

Ga gaskiyar zuciyata. Idan ina cikin jirgin, wa zai riƙe mini shi da ido? Na san wannan magana ba ta dace da wadda ta yi karatu ba, amma haka nake ji. Idan kuma Mama ce za ta zauna a falo da waya a hannu, ɗan jirgin ya tsaya mata kamar yadda ya tsaya mini fa? Ni kaɗai na rage mata. Wani lokaci kuma sai in ji kamar in na taka matattakalar jirgi na ci amanar Yaya, na shirya da abin da ya raba ni da shi. In na zauna kuma na binne burinsa da nawa, na mayar da akwatin saman durowa bayan Mama ta sha wahalar sauko da shi.

In tafi ko in haƙura? Ki gafarce ni na cika ki da surutu.

Taki,
Hasumiya

*

Wa alaikumus salam ƙanwata Hasumiya,

Allah ya ji ƙan Yayanki da duk waɗanda suka tafi tare da shi, ya ba ki da Mama dangana. Ba ki cika ni da surutu ba, na karanta wasiƙarki sau biyu.

Mutane da yawa sukan rikita tsoro da makoki, saboda kamanninsu ɗaya daga waje. Mai tsoro ana iya kwantar masa da hankali da hujja. Mai makoki kuwa ko ka kawo masa hujja cike da buhu ba za ta shige shi ba, domin ba ita ya rasa ba, mutum ya rasa. Kawunki da abokiyar aikinki ba ƙarya suka faɗa ba, sai dai maganin wani ciwon suka ba ki. Ke har yanzu kina kan aikin da Yaya ya ba ki ne, kina jiran jirgin da bai sauka ba. Babu hauka a nan, babu raunin imani.

Amma bari in yi miki bayanin manhajar nan, tunda ita ce ta zame miki ƙarfen ƙafa. Ba ido ba ce a sama. Saƙo take tattarawa daga na'urorin da ke kama siginar jirage, kuma akwai wuraren da siginar kan yi rauni ko ta yanke, musamman a kan teku da nesa da gari. Sau da yawa ɗan jirgin kan tsaya ko ya ɓace a taswira alhali mutanen ciki suna shan shayinsu. Ke kin gamu da ranar da tsayawar ta zama gaskiya, shi ya sa zuciyarki ta ɗauka kullum haka ne. Saboda haka ko kin tafi ko ba ki tafi ba, kada a saka wa Mama wannan manhaja. Kallon nan wasa ne mai daɗi tsakaninki da Yayanki, shi da kansa ya san ba ke ke tuƙi ba. Masu riƙe jirgi suna nan: matuƙa biyu a gaba, makanikan da suka duba shi kafin ya tashi, da ma'aikatan hasumiya ta gaskiya da ke miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Sama da su duka akwai Mai kowa.

Ba zan yi miki alkawarin cewa jirgi ba ya faɗuwa ba, kin fi ni sani. Abin da zan iya cewa shi ne, yana cikin hanyoyin tafiya mafiya aminci, kuma ana bin diddigin haɗurransa don a toshe kafar da aka gano.

Zama ma ba laifi ba ne. 'Yar da ta zaɓi ta tsaya kusa da uwar da ta rasa ɗa ba ragwanta ta yi ba. Sai dai ki tabbata zaman don Mama ne, ba da sunanta kawai ba. Don haka gobe ki sami shugabarki ki gyara maganar da kika yi, ki faɗa mata yadda abin yake. Wadda ta ba da sunanki ba maƙiyiyarki ba ce. Ki tambaye ta ko ana iya ɗaga miki tafiyar zuwa zagaye na gaba, don ki san zaɓin da ke gabanki. Ki kuma nemi ganin likitan da ke kula da damuwa a nan asibitinku. Abin da ya kai ga an sake huda tsoho saboda shi ya wuce a bar wa lokaci.

Sannan Mama. Ke kina ɓoye mata tsoronki don kada ki ƙara mata, ita tana kuka a bayan ƙofa don kada ta karya miki gwiwa. Kowa na tausayin kowa, kowa na shan wuya shi kaɗai. Uwar da ta sauko da akwatin nan ta riga ta ba ki amsarta, amma tana da haƙƙin ki zauna ki ji ta da bakinta, ki kuma tambaye ta wa take so ya riƙa kwana da ita in ba kya nan. Kawu mai wa'azi ga aiki ya samu: ranar tafiya ya zo ya zauna da 'yar'uwarsa, waya a ajiye, har sai kin kira da kanki kin ce kin sauka. Ke kuma da kin shiga ki faɗa wa ma'aikaciyar jirgi cewa hankalinki a tashe yake. Sun saba, za su riƙa leƙo ki.

Kin tambaye ni kai tsaye, zan amsa kai tsaye. Ni dai ina ganin ki tafi, in Mama ta faɗa da baki kuma likita ya ga kin shirya. Hawa jirgi ba cin amanar Yaya ba ne. Shi ya fara hango miki wannan tafiya.

Kafin ki ba da amsa, ga abin da nake so ki gwada. Ki jawo akwatin nan tsakar falo, ki kira Mama, ku bi gemun nan nasa takarda bayan takarda. Kowace ɗaya tafiya ce da ya yi ya dawo, ya ci abincin Mama, ya tsokane ki. Ku tuna wacce ya kawo miki tsarabar da ba ki so, wacce ya dawo da mura. Ku yi kuka, ku yi dariya in ta zo. Idan jirgi ya wuce ta sama kuna cikin haka, ki bar wayar a kife, ki saurari ƙararsa har ta ɓace. Wannan ɗaya kawai nake roƙon ki bari ya sauka ba tare da ke ba. In kin iya, gobe ki ƙara wani.

Kada ki cire takardun. Ki ɗiga wa tayar mai kamar yadda Mama ta ce, akwai sauran wuri a hannun akwatin da za a manna taki.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai ki lafiya, ya dawo wa Mama da ke lafiya.

Antinki