Fitilar Kifayenka Ta Ƙone

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya zafin Legas? Ya Anti Rabi da yara? Ina fata jikin Ummi ya yi sauƙi. Mu nan duk lafiya lau, sai dai ka samu wuri ka zauna tukuna.

Yaya, fitilar kifayen nan naka na ruwan gishiri, na cikin akwatin gilashi, ta ƙone. An kawo wuta da ƙarfi, sai muka ji ɗas! Tun ranar, ƙaramin kifin nan mai launin ruwan lemo ya shige bayan dutse, ko abinci ba ya fitowa ci.

Na duba a waya, kaina ya ƙara kullewa. Wani ya ce shuɗiya, wani ya ce fara, kuma duk wadda suka yaba ta fi ƙarfina. Na je Kankia wurin Oga Emeka mai kayan wuta, ya ce, "Hajiya, kifin karatu zai yi?" Ya ba ni irin wadda samari ke liƙa wa mashin. Ina kunnawa ɗaki ya koma gidan biki, kifaye suka dinga karo da gilashi. Inna ta ce, "Ke, kifin nan namu na Kusada wa ya taɓa kunna mashi fitila?" Dole na kashe ta.

Don Allah wacce zan saya mai sauƙin kuɗi? Ka kira lambar Inna, wayata na kife bisa gilashin da tocila kunne, ni da ba na ajiye ta ko wurin cin tuwo.

Ka gaida kowa. A taya ni addu'a kada su mutu a hannuna.

Ƙanwarka,
Maryam